RA'AYINMU: Soket Ma Yana Tsufa

Damina ta ɗauke, hunturu ya kunno kai, ikkilisiyoyi kuma sun shiga shirin Kirsimeti. Ana sayen fenti a shafe bangon majami'a, mata suna kai ɗinki wajen tela, 'yan kwaya suna koyon waƙa har dare. A cikin wannan hidima duka akwai abu guda da ba a cika tunawa da shi ba, wato soket da makunnin wuta da ke manne a bangon ɗakunanmu. Mun ga ya dace mu ja hankalin masu karatu a kansu yanzu, domin da hunturu ne komai yake bushewa, iska kuma tana kaɗawa, ɗan tartsatsi kaɗan ya isa ya raba iyali da muhallinsu cikin dare ɗaya.

Duk wanda yake zaga gidajen masu bi don ziyara, kamar yadda aikin katikis ya ƙunsa, ya san abin da muke nufi. A wannan gida za ka tarar soket ya yi baƙi kamar gindin tukunya. A wancan an tokare filogin firji da takalmi don kada ya zame. A wani kuma babu filogin ma sam, wayoyi biyu ne tsirara aka cusa a rami aka danne da tsinken ashana, ga yaro yana rarrafe a ƙarƙashi. In ka yi magana sai maigida ya yi murmushi ya ce, "Ai Malam, haka yake tun da muka tare, bai taɓa yin komai ba." Wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar soket kamar wani sashe na bango, wanda in an gina shi ke nan har abada. Alhali kuwa a cikinsa akwai 'yan ƙarafan tagulla masu tsauri waɗanda suke matse ƙafafun filogi. Kullum aka cusa aka zare, sai tsaurin ya ragu kaɗan. Bayan shekaru sai riƙon ya saki. Haka ma sukuru ɗin da suke riƙe waya ta baya, yau zafi gobe sanyi, sannu a hankali suke kwancewa. Ƙurar hunturu ta shiga, laimar damina ta kawo tsatsa, tururuwa da kyankyasai su yi gida. Duk inda ƙarfe bai kama ƙarfe sosai ba, wuta takan wuce ta wurin da ƙyar, wurin ya yi zafi, robar ta soma narkewa, daga nan sai tartsatsi. Makunnin fitila ma haka yake. Duk kunnawa da kashewa akwai ɗan tartsatsi a ciki wanda yake cin bakin ƙarfen, har ranar da zai soma yin ƙara ko fitila ta riƙa ƙyaftawa.

Wani zai ce ai akwai fis, in abu ya lalace shi zai tsinke. A nan ne kuskuren yake. Fis yana tsinkewa ne in wutar da ake ja ta wuce ƙima. Soket mai sako-sako kuwa yana iya yin zafi har ya kama wuta ba tare da wutar da ake ja ta wuce ƙimar ba, saboda haka fis yana nan lafiya lau, bango kuwa yana cin wuta. Wanda zai iya gane wannan haɗari tun da wuri shi ne mai gidan, da idonsa da hancinsa da tafin hannunsa.

Ya kamata kuma mu san iyakar abin da soket zai iya ɗauka. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, soket mai rami uku da muka gada daga Ingila kuma an yi shi ne don amfiya 13. Wato abin da zai ɗauka bai wuce wat 3,000 ba. Butar dafa ruwa ta lantarki ita kaɗai takan ja kusan wat 2,000, dutsen guga wat 1,000 ko fiye, murhun lantarki ma haka. To, in uwargida ta haɗa ukun nan a kan estenshan guda da asubar Lahadi don ana saurin zuwa sujada, an ɗora wa soket kayan da ya fi ƙarfinsa. Sabo ma zai ji jiki, balle wanda ya shekara ashirin a bango.

Akwai kuma halayenmu da suke gaggauta tsufan. Turawan da suka fito da irin wannan soket a shekarar 1947 sun sa masa 'yar ƙofa a ciki, wadda ba ta buɗewa sai doguwar ƙafar filogi ta sama ta shiga. Sun yi haka ne don kada yaro ya cusa ƙusa ko cokali ya gamu da ajalinsa. Mu kuwa sai mu ɗauko murfin biro mu danne ƙofar, mu cusa filogi mai ƙafa biyu da ƙarfin tsiya, har ƙofar ta karye ramin ya buɗe baki. Wasu in za su zare filogi sai su fizgi wayar daga nesa. Wasu in fis ya tsinke sai su naɗa masa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari, sun kashe mai gadin gida da hannunsu ke nan.

Alamun da suke nuna soket ko makunni ya gama aikinsa ba ɓoyayyu ba ne. In filogi yana zamewa da kansa, ko sai an girgiza shi kafin wuta ta kama, to, riƙon ya saki. In fuskar soket ta yi baƙi ko ruwan ƙasa a bakin rami, ko ta tsage, ko kana jin ɗumi in ka ɗora hannu, zafi ya riga ya soma aiki a ciki. In kana jin ƙara kamar ta suyar ƙosai, ko warin ƙonewar roba, ko makunni yana ɗan jan hannu in an taɓa, kada a jira gobe. A zare duk abin da ke jikinsa, a daina amfani da shi, a nemo mai gyara.

Wataƙila wani ɗan'uwa ya ce, mene ne haɗin wannan da shafin ikkilisiya? Haɗin yana nan a Littafi Mai Tsarki. A Maimaitawar Shari'a sura 22 aya 8, an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani kewaye, domin in wani ya faɗo daga sama ya mutu, alhakin jinin yana kan gidan. A zamanin nan namu ba kowa yake da soron da ake hawa ba, amma kusan kowa a gari yana da soket a bango, a daidai tsayin da hannun yaro yake kaiwa. Ka'idar ɗaya ce: haɗarin da ka sani a gidanka, kana kuwa da ikon kawar da shi, in ka ƙyale, kai za a tambaya. Masu cewa Allah ne yake tsarewa sun faɗi gaskiya, amma su tuna Ubangijinmu Yesu da kansa ya ƙi dirowa daga kan Haikali sa'ad da Shaiɗan ya nemi ya gwada tsarewar Allah. Barin waya tsirara kusa da katifar yara, sa'an nan a durƙusa a yi addu'ar kwanciya, gwada Allah ne.

Mun san abin da yake hana gyara a gidaje da yawa shi ne ja-in-ja tsakanin mai gida da ɗan haya. Ɗan haya ya ce gidan ba nawa ba ne, mai gida ya ce ba ni nake amfani da shi ba. Wasu ma har yanzu suna jiran NEPA, alhali tun 2005 aka sauya ta zuwa PHCN, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. Ko a da ma, daga mita zuwa cikin ɗaki nauyin mai gida ne. A ganinmu, abin da tsufa ya lalata mai gida ya gyara, abin da ɗan haya ya fasa da hannunsa shi ya biya. In mai gida yana nesa ko yana jan ƙafa, ɗan haya ya sanar da shi, ya gyara, ya ajiye rasit a cire a kuɗin haya. Mai gida Kirista da yake karɓar haya kowace shekara bai taɓa leƙa wayarin gidansa ba, ya binciki zuciyarsa. Batun rashin kuɗi kuwa, mun san halin da ake ciki, amma soket mai kyau guda bai kai kuɗin kazar Kirsimeti ba.

In an tashi sauyawa, a kula da abu biyu, kaya da ma'aikaci. Kasuwa cike take da jabu, masu ƙarfe siriri kamar gwangwani da robar da take narkewa da ɗan zafi. Araha ba ta ado. A je shagon da aka sani, a ɗauki mai nauyi a hannu, a duba shaidar hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Game da ma'aikaci kuma, ba duk mai yawo da testa a aljihu ne ya san aikin ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da doka a 2015, tana ba masu aikin wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne a nemi ganinta in aikin babba ne. Mai aikin kirki zai kashe babban makunni kafin ya taɓa komai, ya tabbata janareta da inbata ma a kashe suke, sa'an nan ya gwada ya ga babu wuta. Zai yanke bakin wayar da ya ƙone maimakon ya mayar da shi haka nan. Zai haɗa wayar ƙasa, wato koriya ko koriya da rawaya, wadda ragwaye suke naɗewa su bari a baya. Zai kuma ɗora makunnin fitila a kan waya mai wuta, ja ko ruwan ƙasa. In aka ɗora shi a kan ɗayar, fitila za ta mutu amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta, mai sauya ƙwai kuwa bai sani ba.

Kada mu manta da majami'u da gidajen fastoci da azuzuwan makarantar Lahadi. Yawancinsu an yi musu wayarin ne tun zamanin da fitila huɗu da fanka biyu suka isa. Yau ga amsa-kuwwa, ga kayan kiɗa na lantarki, ga matasa suna cajin waya, duk a kan soket guda a bayan bagade, estenshan a kan estenshan. Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su sa wannan a ajandar zamansu na gaba. A nemi mai aikin wuta, sau da yawa ma akwai shi a cikin membobi, ya bi soket da makunni ɗaya bayan ɗaya kafin Kirsimeti, a sauya waɗanda suka gaji, a mayar da wannan al'adar kowace shekara. In an gama da majami'a, matasa su raka shi gidajen gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai duba musu. Zumuntar Mata kuma ta ware minti goma a taronta ta koya wa mata alamun da muka lissafta, tun da su ne suka fi zama da kayan nan.

Daga ƙarshe, ga abin da ya kamata kowane yaro da babba ya haddace. In an ɗauke wuta, a zare dutsen guga da hita da murhu nan take, domin wuta takan dawo tsakar dare kowa yana barci. In soket ya kama wuta, kada a watsa ruwa, a kashe babban makunni tukuna, a zuba yashi. In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, a kashe makunni ko a ture shi da busasshen itace, a gaggauta kai shi asibiti.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Yau in an tashi daga sujada, kowane maigida ya zaga ɗakunansa, ya ɗora hannu a kan kowane soket, ya kunna kowane makunni ya saurara. Ubangiji ya kiyaye gidajenmu da 'ya'yanmu, ya kai mu Kirsimeti lafiya. Amin.