Siyasar Raba Kan Jama'a Ba Ta Cika Tukunya

A makon jiya, bayan an tashi daga karatun dare, gardama ta kaure a ɗakin kwananmu. Wani ɗalibi ya ce shi ba ya jefa wa ɗan takarar gwamna ƙuri'a sai ya san masallacin da yake salla, wani kuwa ya ce shi ma sai ya san cocin da mutum ke zuwa. Aka yi ta musu har dare ya raba. Da na kwanta sai na tuna, duk cikinmu ba wanda ya tambayi ko wane aiki ɗan takarar zai samar mana ran da muka karɓi takardar shaidar malanta. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina shi ne, jam'iyyar da ke neman mulkin jiha, abin da ya kamata ta sa gaba shi ne samar wa jama'a aikin yi. Maganar da ke raba kan mutane, watau ta addini da ƙabila, 'yan siyasa na sonta ne domin tana da araha. Bari in kawo misali da Jihar Kaduna, don labarinta ya isa darasi ga kowace jiha.

Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. A zamanin nan taken Jihar Arewa shi ne "Aiki da Ibada", an jera su biyu, ba a bar ɗaya ya kori ɗaya ba. Daga baya waɗansu masaƙu suka biyo, irin su United Nigerian Textiles da Arewa Textiles. Cikin 1975 aka fara harhaɗa motocin Fijo, cikin 1980 kuma aka buɗe matatar mai. Dubban mutane suka riƙa cin abinci a nan. Bahaushe da Bajju da Bagwari da Bayarabe suna tsaye bakin inji ɗaya, ƙungiyarsu ta ƙwadago ɗaya, ranar albashinsu ɗaya. Manomin auduga a Funtuwa ma da mai tuwo a bakin ƙofar masaƙa duk suna samun rabonsu.

To, sai al'amura suka juya. Cikin Oktoba 1999 Gwamnan Zamfara, Ahmed Sani, ya yi shelar faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a jiharsa. Da maganar ta iso Majalisar Dokokin Kaduna, sai gari ya rabu biyu. Cikin Fabrairu 2000 faɗa ya ɓarke, aka rasa rayuka fiye da 1,000. Cikin Nuwamba 2002 aka sake yin wani a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutane fiye da 200 suka halaka. Tun daga nan Musulmi da yawa suka tattara a arewacin kogin Kaduna, Kirista kuwa suka koma kudu. A cikin 2002 ɗin nan Kaduna Textiles ta rufe ƙofa, cikin 2007 United Nigerian Textiles ta bi sahu. Bayan zaɓen 2011 kuma aka sake zubar da jinin ɗaruruwan mutane.

Ban ce faɗa ne kaɗai ya kashe masaƙu ba. Akwai rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da atamfar waje mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Yawancin waɗannan a hannun Gwamnatin Tarayya suke. Amma ina tambaya, wane attajiri ne zai zuba dukiyarsa a garin da yake tsoron a wayi gari an cinna wa rumbunsa wuta? Kuma su wane ne aka fi gani riƙe da gora ranar tarzoma, in ba samarin da ke zaman kashe wando ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga dalilin da ya sa 'yan siyasa ke ƙaunar irin wannan magana. Kafa ma'aikata sai an nemi fili, an ja wuta, an gyara hanya, an horar da ma'aikata, kuma watakila shekaru huɗu su cika ba a ga amfanin ba tukuna. Amma cewa "waɗancan ba namu ba ne" ba ta cin ko kwabo, lasifika kawai take bukata. Bugu da ƙari, gwamnan da aka zaɓa don addininsa ba ya jin tsoron a tuhume shi kan albashi, gama ya san in zaɓe ya zo zai sake kaɗa gangar nan ta dā.

Ku dubi zaɓen 2019. Da Gwamna Nasir El-Rufai ya ɗauki Dokta Hadiza Balarabe, Musulma daga kudancin jihar, ta zama mataimakiyarsa, sai aka bar kowace magana aka kama ta "Musulmi da Musulmi". Cikin 2023 ma haka aka yi, Uba Sani ya ci da tazarar ƙuri'ar da ba ta kai 11,000 ba. A shekarar nan kuwa wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, manoma da yawa suka tashi hannu banza. Cutar ba ta tambayi mai gona addininsa ba.

Na san wani zai ce, "Ashe addini wasa ne? Mutum ba don ciki kaɗai yake rayuwa ba." Gaskiya ne, ni ma ban raina shi ba. Wanda ya ga ana tauye masa ibada, ko ana hana ƙabilarsa muƙami, yana da hakkin ya yi kuka, kuma wajibi ne a saurare shi. Amma irin wannan matsala akan warware ta a zaune. Gwamna Ahmed Makarfi ya gwada haka cikin 2001, sa'ad da aka tsara kotunan shari'a domin Musulmi da kotunan gargajiya domin masu bukatarsu. Mai son a warware matsala yakan kira ɓangarorin biyu. Wanda ke son ƙuri'a kawai yakan adana ta, ya tono ta duk bayan shekaru huɗu.

Kada kuma wani gwamna ya ce ba shi da iko. Fili a hannunsa yake, makarantun firamare da na sakandare da hanyoyin karkara nasa ne. Tun 2023 doka ta ba jihohi damar su samar da wutar lantarki su kuma rarraba ta a cikin iyakarsu. Cikin 2017 kamfanin Olam ya buɗe ma'aikatar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Chikun, masu noman masara da waken suya suka sami mai saye. Ashe in an so, ana iyawa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu jefa ƙuri'a mu ne ke sayen hajar nan, shi ya sa ake kawo ta kasuwa. Mu ɗaliban wannan kwaleji kuwa nauyinmu ya fi na kowa, domin gobe za a ba kowannenmu aji cike da 'ya'yan Musulmi da na Kirista, kuma a ƙauye maganar malam tana da daraja. Saboda haka in ɗan takara ya zo, mu tambaye shi abu uku. Wace sana'a za ka raya, kuma a wane gari? Ina za ka samo kuɗin? Mutum nawa za su sami aiki kafin wa'adinka ya cika? In ya kauce ya kama zagin maƙwabtanmu, to, mu gane jakarsa ba kome.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin talakawa, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.