Ma'aji Biyu, Littafi Ɗaya

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyinmu na Adjamé da Treichville suna ta ajiye tsohon littafin ma'aji, suna sa samari su haɗa musu shafin intanet na rubuta kuɗin asusu da adashi. Madalla. Tun da Orange Money ya fara aiki a ƙasar nan a 2008 kuɗi ya koma cikin waya, ba mamaki lissafinsa ya bi shi. Amma akwai wani rami da ya kamata mu sani.

Littafin takarda mutum ɗaya ke riƙe da shi. In yana Adjamé, na Treichville sai ya haƙura har a ƙetaro gada da shi. Shafin intanet kuwa kowa na iya buɗe shi a lokaci guda.

A ce asusu yana da sefa 100,000. Ma'ajin Adjamé ya buɗe, ya ƙara 20,000 na wata, ya adana 120,000. Mataimakinsa a Treichville ya riga ya buɗe tun ana 100,000, ya cire 30,000 na jana'iza, ya adana 70,000. Rubutun na baya ya shafe na farko. Daidai lissafi 90,000 ne. Ranar taro za a nemi 20,000 a rasa, a zuba wa bawan Allah ido, alhali ko dala bai ci ba.

Masana sun san maganin. Na farko kulle: wanda ya fara buɗewa ya riƙe shafin, saura su jira. Aibinsa, in cajin wayarsa ya ƙare ko ya tashi salla, kwamfutar ba ta san ya tafi ba. Dole a yanka wa kullen wa'adi, ko minti biyar.

Mu dai mun fi son na biyun, wanda Kung da Robinson na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka bayyana a 1981. Ba a kulle kowa. Kowane rubutu yana ɗauke da lamba da ke ƙaruwa duk sanda aka canja shi. In ka zo adanawa lambar ta bambanta da wadda ka tarar, sai a ƙi karɓa, a nuna maka sabon lissafi ka sake.

Kafin a biya mai haɗa shafin ladansa, a kawo waya biyu gabansa, a buɗe asusu ɗaya a duka biyun, kowa ya canja ya adana, a duba abin da ya rage.