Sunayen da Baba Soja Ya Tafi da Su

Muna ƴan lakwal a Gure, duk ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, akwai dattijon da ke riga kowa isa filin fareti. Baba Soja muke ce masa. Kwat ɗinsa ta koɗe har ta yi kalar rairayin Muniyo, amma lambobi ukun da ke ƙirjinsa sai ƙyalli, don da toka da lemun tsami yake goge su tun daren jajibiri. Yana cikin waɗanda Faransa ta ɗiba zuwa yaƙin Aljeriya, wanda aka gwabza daga 1954 zuwa 1962.

In taro ya watse sai ya zauna gindin bedi ya yafito mu. "Ku zo, jikokina, ku riƙe mini wannan." Sai ya shiga lissafo abokan tafiyarsa da ba su dawo ba, yana lanƙwasa yatsa ɗaya-ɗaya: wane ɗan wane, Bamange, na ƙauye kaza, wane, mai kiran salla a barikinsu. In ya zo kan na ƙarshe muryarsa takan shaƙe. Kowanenmu da alƙalami a jaka, amma babu wanda ya rubuta. Allah ya yi masa rasuwa, sunayen suka bi shi kushewa. Har yau abin yana ci mini rai.

Turawa ba su yi wannan sakaci da nasu ba. Kyaftin Cazemajou da aka kashe a Damagaram a 1898, sai da suka laƙaba wa barikinsu na birnin sunansa. Mayaƙan da suka faɗi a Tirmini a 1899 ƙarƙashin tutar Sarki Amadu Kuran Daga kuwa, a dunƙule muke ambatonsu, kamar ba uwa ce ta haifi kowanensu ba. A Oktoban 2024 hukuma ta cire hoton Bafaranshe Monteil daga dandalinsa a Yamai ta sa na Thomas Sankara, titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Na yi murna. Sai dai manya ne suka canji manya. Ƙaramin soja yana nan inda aka bar shi.

Na san abin da za a ce: mu Musulmi ne, ba ma sassaƙa mutum-mutumi. Gaskiya ne, ni ma ba shi nake nema ba. A Amurka, wata ɗaliba ƴar shekara 21, Maya Lin, ta tsara abin tunawa da sojojinsu na yaƙin Biyetnam, aka buɗe shi a Washinton a 1982. Bango ne na baƙin dutse, ba fuska ba doki, sai sunaye fiye da 58,000, an jera su bisa ranar da kowa ya faɗi, ba a rubuta muƙamin kowa ba. Uwa takan ɗora takarda a kan sunan ɗanta, ta goga fensir, ta tafi da shi gida. Me zai hana a yi irinsa a Gure, da boko da ajami, mai wucewa ya karanta ya yi addu'a?

Motocin soja suna ratsa garinmu zuwa Difa, cike da samari. A Inates kaɗai, a Disamban 2019, an rasa sojoji 71. Shi ya sa bana na sayi littafi mai kauri, ina bin zaurukan tsofaffi da gidajen matan da aka bar wa marayu. Wata tsohuwa ta faɗa mini sunan ƙanenta sau uku, ta ce in karanto mata ta ji ko na rubuta daidai.