Wayar Da Kan Jama'a Kan Tarihi Da Tsarin Mulki: Bukatar Kudancin Kano

Idan za a iya tunawa, a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Amfanin wannan hukunci ga talaka ya dogara ne ga sanin da ya yi wa aikin ƙaramar hukuma, domin wanda bai san haƙƙinsa ba ba zai iya bin kadinsa ba. A nan ne muke ganin muhimmancin laccoci da tarurrukan wayar da kai a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar MAMSER a 1987, sannan Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa ta gaje ta a 1993. A nan Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da shirin A Daidaita Sahu a 2004, wanda ya kai faɗakarwa har ƙauyuka. Sai dai waɗannan shirye-shirye sun fi ƙarfafa gyaran ɗabi'a, ba su cika zurfafawa cikin tarihi da tsarin mulki ba. Bugu da ƙari, an shafe shekaru fiye da goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, kafin a dawo da shi a 2022. Matasa da yawa masu jefa ƙuri'a yau a cikin wannan giɓi suka tashi.

A ra'ayinmu, laccar da za ta kama zukatan jama'a ita ce wadda ta fara daga ƙofar gida, kuma yankin nan yana da abin faɗa. Ta Bebeji rundunar Kanar Morland ta biyo daga Zariya, ta fasa garin kafin ta ci birnin Kano a watan Fabrairun 1903. A garin ne kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Ga dajin Falgore, ga ma'adinin kuza na Riruwai. Duk wanda aka warware masa waɗannan ya kama hanyar fahimtar mulkin mallaka, da ƙirƙiro jihohi a 1967, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

Daga nan sai a shiga batun wa ke da alhakin me. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta gwamnatin tarayya ce. Kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara kuwa, tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma. Ɗan majalisar wakilai na Kiru da Bebeji, ko na Tudun Wada da Doguwa, aikinsa na asali shi ne yin doka da sa ido kan kasafin kuɗi. Rashin sanin wannan bambanci ne ke sa a kai kuka ƙofar da ba ta dace ba, a kuma auna wakili da abin da ya raba ranar zaɓe.

Saboda haka muna kira ga sassan yaɗa labarai na ƙananan hukumomin nan huɗu, tare da hakimai da dagatai da limamai da malaman makarantu, da su riƙa shirya irin waɗannan tarurruka da harshen Hausa, a lokacin da manomi ya samu sararin zama, a kuma ware wa mata nasu zaman ta hanyar makarantun Islamiyya. Wajibi ne a nesanta su da tutar kowace jam'iyya, a kuma bar wa jama'a isasshen lokacin tambaya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da shugabanni masu adalci, amin.