Kai Kayan Hannu Baje Koli: Akwai Riba?

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama girbi tambaya ɗaya ke ta zuwa mana daga ƙungiyoyinmu na gama kai a Tsafe da Bungudu. Wai ko yana da amfani a saƙa tabarmi da faya-fayai da huluna da rani, a kai su baje koli a Gusau ko Kaduna? Amsarmu ita ce: sana'ar tana da kyau ƙwarai, amma kada kowa ya ɗora begensa a kan baje koli.

Mun taɓa gwadawa. Wata shekara muka tara tabarmin kaba da ƙoren da aka yi wa zane, muka kama rumfa a filin baje koli na Gusau. Mutane suka yi ta tsayawa, suna shafawa, suna cewa, "Kai, wannan aiki ya yi kyau!" Sa'an nan su wuce rumfar gaba su sayi tabarmar roba, gama ta fi araha, ruwa kuma ba ya ɓata ta. Da muka zauna lissafi, muka cire kuɗin rumfa, da na mota, da na abinci, da na kaba, abin da ya rage bai kai ladan ƙodago na kwanakin da muka yi a can ba. Ba mu ma sa kwanakin saƙa a ciki ba. Wannan shi ne kuskuren yawancinmu, watau muna ɗaukan lokacin rani kamar kyauta ne. Mai fadama ya sani ba haka ba ne.

Kasuwar duniya ta Kaduna kuwa, wadda aka fara a 1979, ta fi girma nesa, amma sau ɗaya take ci a shekara. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, ga kuma hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, wadda ba sai mun faɗa muku halinta ba. Ba mu yarda a tura uwar 'ya'ya ta bi ta saboda ribar faifai goma ba.

To, me ke fita? Abin da gida ke bukata kullum: igiya, faifai, mafici, ƙotar fartanya, sabulun salo, man gyaɗa da ƙuliƙuli. Waɗannan ba su jiran biki. A 2021, sa'ad da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya, matan da ke da masu saye a unguwa sun ci gaba da samun na cefane. Masu jiran taro suka zauna da kayansu.

Duk da haka ba mu ce a ƙaurace wa baje koli ba. Amfaninsa ɗaya ne, amma babba: can ake haɗuwa da mai kanti wanda zai riƙa sari duk shekara. Saboda haka in za a je, ƙungiya ta kama rumfa ɗaya, ta zaɓi kaya mafi kyau kaɗan, ta aiki mutum biyu, ɗaya ya iya rubutu. Kowane kaya a rubuta sunan mai shi da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Su komo da littafin lissafi da lambobin wayar 'yan sari, a karanta a gaban taron ƙungiya kafin a raba ko kwabo.