Sharhi: Me ke cikin takardar sharuɗɗan babban ajin Ingilishi da ƴaƴanmu ke kawowa gida a Amurka?

Duk shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, idan makarantun lise na Amurka suka koma, ɗalibai kan dawo gida da wata takarda mai shafi uku ko huɗu. A ƙasanta an bar gurbi biyu, ɗaya na sa hannun yaro, ɗaya na mahaifi. A gidajen ƴan Nijar da ke Bronx da Harlem a birnin New York, ko Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, sau da yawa a tsaye ake sa mata hannu, ana haramar fita aiki. To amma idan takardar ta ajin Ingilishi na AP ce, abin da ke cikinta ya shafi aljihun gidan, ya kuma shafi irin jami'ar da za ta buɗe wa yaron ƙofa.

AP taƙaitawar Advanced Placement ce, wani tsari na hukumar College Board da ke bai wa ɗan lise damar yin karatun matakin jami'a tun bai gama makaranta ba. A fannin Ingilishi darussa biyu ne. Na farko ya shafi harshe da iya kafa hujja a rubuce, galibi ana yin sa a aji na 11. Na biyu na adabi ne, a aji na 12, wato daidai da terminal a wurinmu. A watan Mayu ake jarrabawa, makin kuma daga 1 ne zuwa 5. Jami'o'in gwamnati da dama suna yafe wa wanda ya samu 3 ko sama da haka darasi guda, wanda da sai an biya masa kuɗi. Makarantu da yawa kuma suna ƙara wa makin AP nauyi a jimillar sakamakon ɗalibi, abin da jami'o'i ke dubawa tun kafin su karanta wasiƙarsa.

Kowane malami shi ke rubuta sharuɗɗansa, amma kusan duk bakinsu ɗaya. Akwai littafin da za a karanta a lokacin babban hutu, a yi gwaji kansa a makon farko. Aikin da aka kawo a makare ana zaftare masa maki, wasu malaman ma ba sa karɓa. Satar rubutu sifiri ce, tare da kai ƙara ofishin shugaban makaranta. Waya kuwa, a jihar New York ba ta malami ba ce kuma: daga shekarar karatu ta 2025 doka ta hana riƙe ta tun daga shiga har tashi.

Wanda ya karanta waɗannan zai ce tsanani ne kawai. Jarrabawar ce ta tilasta su. A ta harshe, ɗalibi zai amsa tambayoyi 45 cikin awa ɗaya, sannan ya rubuta insha'i uku cikin awa biyu da minti 15. Ɗaya ya haɗa hujja daga takardu wajen shida da aka ba shi a nan take, ɗaya ya warware dabarun da wani marubuci ya yi amfani da su don shawo kan masu sauraronsa, na uku ya kare ra'ayinsa. A ta adabi tambayoyi 55 ne da insha'i uku cikin awa biyu. Rubutun ne ke ɗauke da kashi 55 cikin ɗari na makin. Kowane insha'i maki 6 gare shi: 1 na fitar da matsaya, 4 na hujja da bayaninta, 1 na zurfin tunani. A lura da rabon. Hujja ta kwashe huɗu, kyan lafazi bai da gurbi nasa na kansa. Shi ya sa malamai ke ta sa yara rubutun minti 40 a gabansu, agogo na tafiya.

Abubuwa biyu sun sake fasalin takardar a ƴan shekarun nan. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, aikin gida ya rasa daraja a idon malamai, domin ba wanda ya san wa ya rubuta shi. Da yawa sun mayar da babban maki kan abin da aka rubuta cikin aji, suna kuma neman ganin daftarin farko kafin na ƙarshe. Wannan sauyin bai yi wa ɗan baƙon haure daɗi ba. A da yakan kwana da ƙamus yana gyara jimlolinsa har su miƙe. Yanzu abin da ya zo masa cikin minti 40 shi ne nasa. Ga kuma wani haɗari: manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura suna yin kuskure, kuma an sha nuna damuwa cewa sun fi zargin wanda Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne, saboda sauƙin jimlolinsa. Mahaifin da ya sa hannu kan sharaɗin “sifiri” ya kamata ya san yadda ake ɗaukaka ƙara idan aka tuhumi ɗansa.

Na biyu, daga Mayun 2025 jarrabawar Ingilishi ta bar takarda gaba ɗaya ta koma kwamfuta, a manhajar Bluebook. College Board ta ce yawan yunƙurin satar tambayoyi ne ya sa ta gaggauta. Ke nan saurin buga rubutu ya shiga cikin jarrabawar ba tare da an rubuta shi a manhajar karatu ba. Yaron da ya taso daga Yamai ko Maraɗi, idan ma ya saba da kwamfuta, da allon AZERTY na Faransa ya saba, can kuwa QWERTY ne. Ƙaramin abu ne, amma insha'i uku ba wasa ba ne ga mai laluben harafi.

A ganina babbar asarar tana faruwa tun kafin takardar ta iso gida. Yaron da ya zo daga Nijar akan sa shi ajin masu koyon Ingilishi, kuma daidai ne a farko. Matsalar ita ce a manta shi a can. Alhali wanda ya yi lise a Damagaram ko Tawa ya riga ya sha disertasiyo da komanter kompoze: ya san fitar da matsala, ya san tsara hujja kashi-kashi, ya san bin nassi layi-layi. Wannan shi ne ainihin abin da maki huɗun nan ke nema. Harshen ne bai nuna ba tukuna, kuma harshe yana zuwa. Ko a jarrabawar adabi, insha'i na uku ɗalibi ne ke zaɓen littafin da zai yi magana kansa, kuma littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, ya sha fitowa a jerin waɗanda ake ba da shawara.

Ƙofar ma ta ƙara faɗi. A 2021 kusan kashi 44 cikin ɗari ne na masu jarrabawar adabi suka samu 3 ko fiye. A 2022 adadin ya haura zuwa kusan 78, bayan hukumar ta sake ma'aunin maki. Masu suka na cewa an rage wa jarrabawar gishiri ne don a ƙara samun masu biya. Hukumar na cewa ta daidaita ta ne da abin da ɗaliban jami'a ke iyawa a zahiri. Ko wanne ne gaskiya, tsoron faɗuwa da ke sa iyaye su ce wa yaro ya tsaya a aji mai sauƙi ya rage hujja.

Sai batun kuɗi, wanda galibi yake can shafin ƙarshe da ƙananan baƙaƙe. Jarrabawar 2025 dala 99 ce, sama da jikka 50 na sefa. Ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi dala 37, wasu jihohi da birane kuma su cika sauran, amma sai makaranta ta san halin gidan. Rajista a watan Nuwamba take rufewa, wata shida kafin jarrabawa. Wanda ya makara zai ƙara dala 40, wanda ya yi rajista bai zauna ba shi ma dala 40. A birnin New York mahaifi na iya neman tafinta na Faransanci idan zai gana da mai ba ɗalibai shawara, kuma wannan jami'in ne ke tsara ajujuwan da yaro zai shiga baɗi, yawanci tun kafin hutun bana.