Idan katalizar ya mutu, kada mu yi saurin yarda a fasa shi

Wani abokin aikina, malamin lissafi a wani CEG na nan Maraɗi, yana da tsohuwar mota da ya saya bayan ya daɗe yana zubin adashi. Kwanakin baya motar ta fara yi masa nauyi. In ya taka sai ta yi ta gunji ba ta gaba, ƙarƙashinta kuma wani abu na ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Da ya kai ta gareji, makanike ya bubbuga salansa ya ce masa: "Mushe, katalizar ne ya toshe. Sabo ya fi ƙarfin albashinka. Bari in fasa abin da ke ciki in maida kwanon, yau ɗin nan ka tafi da motarka. Kuɗin aiki ma na yafe maka."

Abokina ya dawo yana ta yabon kirkin makaniken. A ɗakin malamai na tambaye shi ina abin da aka fasa ɗin yake. Ya ce ya baro shi can, shara ce. A nan na gane an yi masa asara biyu: an karɓe masa abu mai kuɗi, an kuma bar shi da motar da zai riƙa tsayawa da ita kullum a bakin lakkol tana fesa wa yara guba, har da nasa guda uku.

Ra'ayina shi ne, neman araha wajen canza katalizar ba laifi ba ne, kuma akwai hanyoyinsa. Amma fasa shi a bar kwano fanko, ko a yanke shi a sa bututu, ba ya cikin hanyoyin. Mai yin haka bai kauce wa biya ba, ya dai maida bashin kan ƙirjin yara.

Mu fara da sanin abin. Katalizar, wanda makanikan Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi saboda kamannin cikinsa, wani kwano ne da ke kan hanyar salansa, tsakanin inji da ƙarshen bututun hayaƙi. A cikinsa akwai dunƙulen tangaran mai ƙananan ramuka dubbai kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinom, faladiyom da rodiyom. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa su, sai su sauya abubuwa uku masu cutarwa. Iskar kabon monoksaid ta koma kabon dayoksaid, ragowar esansin da bai ƙone ba ya koma ruwa da kabon dayoksaid, oksaid na naitirojin kuma ya rabu ya koma iskar da muke shaƙa dama. Katalizar mai lafiya, in ya yi zafi, yana rage wajen kashi 90 cikin 100 na waɗannan ukun. A Amurka an fara sa shi a yawancin motocin esansi tun 1975, a Turai kuma ya zama dole ga sababbin motoci a farkon shekarun 1990. Ke nan kusan duk motar esansi ta hannu da ta zo mana daga Turai ta tashar Kwatano ko Lome, da shi aka ƙera ta.

Ƙarafan nan uku su ne sirrin "kuɗin aiki na yafe maka". A shekarar 2021 farashin rodiyom ya kusa dalar Amurka 30,000 kowane oza, ya ninka zinariya sau da yawa. Farashin ya sauko daga baya, amma har yau akwai masu bin gareji-gareji suna sayen tsohon katalizar, ko da ya farfashe ya zama gari. Ba ina cewa duk makanike macuci ba ne, da yawansu mutanen kirki ne da muke zaune unguwa ɗaya da su. Amma abin da aka cire daga motarka naka ne, kuma kuɗinsa zai iya rage maka wani ɓangare na kuɗin wanda za ka sa.

Me ya sa nake rubuta wannan ga malamai da iyaye, ban bar wa direbobi ba? Ku tsaya a ƙofar kowace lakkol ta Yamai, Damagaram ko Tawa da safe ko lokacin tashi. Motoci da kabu-kabu sun jeru, injuna na aiki, yara na ratsawa tsakaninsu. Bakin salansa yana ƙasa, kuma hancin ɗan CI ya fi namu kusa da shi. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, huhunsa kuma bai gama girma ba. Oksaid na naitirojin yana tayar da asma da tari. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Kaɗan daga cikinsa kan kawo ciwon kai da jiri da kasala. In ya taru a wuri rufaffe, kamar garejin gida ko cikin motar da salansarta ke yoyo an rufe gilasai, yana kisa.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki sun fi wannan illa, baburan gari ma ba a magana. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ƙurar hunturu ba mu da iko a kanta, wannan kuwa da hannunmu muke yanke shawararsa a gareji. Wani zai ce motarsa ta fi gudu tun da aka fasa. Dole ta fi gudu, tunda an buɗe hanyar da ta toshe, amma da an sa lafiyayye ma haka za ta yi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Malamin kwantiragi da ke jiran ƙarshen wata ba zai iya sayen sabon katalizar na kamfani ba, wanda a tsohuwar mota kuɗinsa kan kai wani babban kaso na darajar motar kanta. Wannan hujja ta cancanci amsa, ga kuma amsata.

Da farko, a tabbatar ya mutu. Fitilar inji da ke kunnuwa a gaban direba ba hukunci ba ce. A motocin da ake iya sa wa na'urar bincike, lambar P0420 tana nufin aikin katalizar ya ragu, amma lalacewar na'urar auna oksijin da ke jikin salansa, ko yoyon hayaƙi kafin a kai gare shi, duk suna iya kawo lambar nan. Waɗannan kuwa gyaransu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Don gane toshewa, makanike na iya kwance na'urar oksijin ta gaba na ɗan lokaci. In motar ta sami ƙarfi nan take, to hanyar a toshe take. In kuma an bubbuga an ji ƙarar tsakuwa, tangaran ɗin ya farfashe.

Na biyu, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta: a nemo abin da ya kashe shi. Katalizar ba shi da abin da ke juyawa, ba kasafai yake mutuwa don kansa ba. Buji ko bobin da suka gaji suna barin ɗanyen esansi ya wuce ya je ya ƙone a cikinsa, zafin ya narkar da ramukan. Injin da ke shan baƙin mai, mai fitar da shuɗin hayaƙi, yana lulluɓe ƙarafan da toka. Ruwan lagireto da ke shiga inji shi ma yana lalata shi. Haka nan dukan dutse a hanyar karkara, da yawan tura mota don ta tashi. Duk wanda ya sa wani katalizar bai gyara waɗannan ba, nan da ƴan watanni zai sake komawa gareji da magana ɗaya. Saitin buji kuwa kuɗinsa bai kai komai ba in aka gwada da na katalizar.

Na uku, akwai matakai tsakanin sabo na kamfani da fanko. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga mota irin taka. Kafin ka biya, ka ɗaga shi ka haska tocila ta gefe ɗaya. In ramukan na nan a jere, haske na ratsawa, ba narkewa ba ɓallewa, ka girgiza ba ka ji ƙara ba, to da sauran rai. Ka yi hattara da kwanon da aka riga aka kwashe cikinsa aka like da walda, ka kuma tambayi inda ya fito, don abin ya zama na sata a ƙasashe da dama. Akwai kuma sabo na gama-gari da mai walda ke haɗawa. Ya fi na kamfani araha sosai, sai dai ƙarafan cikinsa ba su kai ba, don haka ba ya daɗewa kamarsa. A zaɓi wanda ya dace da girman injin, a sa shi daidai inda tsohon yake don ya sami zafi, a maida na'urorin oksijin wurarensu, a tabbatar waldar ba ta yoyo. Magungunan da ake zubawa a tanki da sunan wankewa ba sa tayar da wanda ya narke. Ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa na'urar oksijin don fitila ta mutu kuwa, fitilar kawai yake kashewa, hayaƙin na nan yadda yake.

Na huɗu, ka tsaya a wurin lokacin aikin, ka karɓi tsohon a hannunka. Ka ji farashi daga masu saye biyu ko uku kafin ka sayar, ko ka yi ciniki a fili a cire kuɗinsa daga na wanda za a sa maka.

To in duk da haka aljihu bai kai ba, mota kuma ta toshe, ga aiki ga kai yara? Ba zan ce a ajiye mota a tafi da ƙafa ba. In dole ta sa an buɗe hanyar, a ɗauke shi a matsayin bashi mai ranar biya. A ajiye kuɗin tsohon, a riƙa ƙarawa, a sa wata. Kafin nan, kada a bar inji na aiki a cikin gida ko gareji, kada a bar yara cikin mota a tsaye inji na aiki, kuma a duba salansar daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara na kowace lakkol za su iya yanke cewa duk mai jiran yaro ya kashe inji, kuma a ja layin tsayawa ɗan nesa da ƙofa. Malaman kimiyya na CEG da lise suna da darasi a shirye: a aro tsohon katalizar daga gareji a kawo aji, yara su ga ramukan da idonsu, su ji abin da yake yi. Yaron da ya gani zai tambayi babansa ran da za a kai mota gyara.

Abokina ya koma garejin bayan kwana biyu. An ce masa abin ya riga ya bi shara. Bai yi faɗa ba, ya dai sa an duba masa injin, aka tarar buji biyu sun mutu, watau su ne suka jawo komai tun farko. Yanzu yana tara kuɗin na hannu, kuma in ya kawo yara yakan tsaya can gindin bedi ya kashe mota, su ƙarasa da ƙafa.